Taka-bado: uban da ke goyo

Idan ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ya malale fadamun Nguru da Baturiya a watan Agusta, bado yakan rufe tafkuna, a kan ganyensa kuma akwai wani tsuntsu mai jan jiki, farin wuya da goshi shuɗi, yana tafiya ba ya nitsewa, don dogayen yatsunsa suna raba nauyinsa. Taka-bado ke nan. Mai haƙurin tsayawa yakan ga wani abin al'ajabi: babban tsuntsu ya tsuguna, ya miƙe, ga ƙananan ƙafafu suna reto daga ƙarƙashin fukafukansa. 'Ya'yansa ne ya kwasa zai gudu da su. Kuma wannan mai goyon namiji ne.

Macen ta kusa ninka shi nauyi, ita ke tsare yanki, kuma takan haɗa maza da dama a damina guda. Namiji ya tara ciyawa mai yawo a kan ruwa, ta zuba masa ƙwai huɗu masu zanen baƙi, ta wuce. Shi zai kwanta musu sama da mako uku, yana cusa fukafukansa ƙarƙashinsu don kada su jiƙe, shi zai yi renon. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, karin maganar kuwa ta ɗauka cewa mai fargabar uwa ce. A tafkin bado uba ne. Da wuya a hana mai kallo yanke hukunci cewa wannan uwa ba ta da tausayi, musamman idan ya dubi zakaran ƙeƙuwa a bakin gaɓa, inda mata da miji ke karɓa-karɓar kwanci a ɗan ramin ƙasa, su cika fadama da kururuwa in saniya ta matso.

Hukuncin bai yi adalci ba. Sheƙar da ke yawo a kan ruwa ba ta da tsaro: guza na ninƙaya ya sha ƙwai, maciji na zuwa, ruwa na iya tashi cikin dare ya haɗiye komai. Yawancin ƙwan ba sa kai ga ƙyanƙyasa. Inda asara ta yi yawa haka, zuriya ba ta tsira sai da mai saurin maye gurbi. Da macen za ta kwanta mako uku, da ba ta sami lokacin kiwon da zai ba ta ƙarfin sake yin ƙwai ba, daminar Sahel kuwa gajeriya ce. Saboda haka suka raba aiki: ita ta yi ta ci tana zuba ƙwai tana korar kishiyoyi daga yanki, shi ya yi reno. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Su ma 'yan tsakin ba ragwaye ba ne, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: suna fita daga ƙwai suke tafiya suna tsintar ƙwari da kansu, in uban ya yi kukan gargaɗi su nitse, su bar bakinsu kaɗai a waje suna numfashi.

Wani zai ce to tsuntsun da ya saba da asara haka ba abin damuwa ba ne, zai jure duk abin da mutum ya yi wa fadama. A nan ne na saɓa. Dabararsa maganin asarar ƙwai ce, ba ta maganin asarar bado. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, wasu wurare suka bushe, wasu kuma ruwa ya daina janyewa da rani. A irin wannan kwantaccen ruwa ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta toshe magudanai kamar ta Marma, duk da cewa an sanya tafkin Nguru cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa tun 2000. Dogon yatsa ba ya amfani a cikin kachala. Tsuntsun jan-baki ne ke jin daɗinta, ya kwana a ciki, da safe ya faɗa wa gero da shinkafar manomi.

Shamuwa ta yi dace: tana sheƙa a bishiyar tsakar gari, ana yi mata kallon mai albishirin damina, ba yaron da zai jefe ta a ƙyale shi. Taka-bado ba shi da irin wannan alfarma, ba a ma cika farautarsa ba. Makomarsa tana hannun masu buɗe ƙofofin madatsa a Kano, da masuntan da ke shiga ruwa da lauje suna sare kachala don kwale-kwale ya samu hanya.