Mene ne cin zarafin tsofaffi?

Cin zarafin tsofaffi shi ne cutarwar da ke fitowa daga wanda dattijo ya amince da shi, ko ta duka da zagi, ko ta hana shi abinci da magani, ko ta cinye masa dukiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar hakan.

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin. A harin ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020 an kashe mutum 30, da yawansu tsofaffi da yara da suka kasa gudu. Dattijon da ya tsira ya yi gudun hijira kuwa ya rabu da gona da rumbu, komai sai an ba shi. A nan ne wani ɗa ko jika yake karɓar tallafi da sunan tsohuwa, ita ko ƙwaya ba ta gani. Masu makanta da taɓin hankali sun fi shiga haɗari, domin ba su iya kai ƙara wurin mai unguwa.

Najeriya na da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, amma Abuja ta yi wa ƙauyukan Batsari da Safana na bakin dajin Rugu nisa.