Katsina da Baku: Yadda birane biyu suka riƙe kayan tarihinsu

Duk wanda ya hau hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina ya duba gabas da yamma, abin da zai fi gani a yau shi ne rufin kwano da dogayen turakun wayar salula.

Ganuwar da ta kewaye birnin shekaru aru-aru kuwa, sai an kama hannun baƙo an nuna masa ɗan abin da ya rage daga cikinta.

Can a gaɓar tekun Kasbiya akwai wani birnin na Musulmi mai ganuwa da hasumiya da tsohuwar fada, wato Baku, babban birnin ƙasar Azerbaijan. Shi ma ya taɓa kama hanyar rasa kayan tarihinsa, amma daga bisani ya farfaɗo da su, har suka zama abin da baƙi ke zuwa kallo daga ƙasashe daban-daban.

Kwatanta biranen biyu zai taimaka wajen gane abin da Katsina ta mallaka, da dalilin da ya sa yake zubewa, da kuma abin da ake buƙata kafin a ce an makara.

Tushen birnin

Tarihin sarautar Katsina ya girmi birnin da aka sani a yanzu. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, akwai tuddan da aka yi imanin cewa kaburburan sarakunan farko ne.

A farkon shekarun 1990 masana daga Jamus da Nijeriya sun tona wasu daga cikin tuddan, inda suka samu kayan ado na ƙarfe da duwatsun wuya da wuri. Wasu daga cikin kayan daga nesa aka kawo su, abin da ke nuna cewa yankin ya daɗe yana hulɗar ciniki da ƙetaren hamada.

Shi kuwa birnin, ana danganta bunƙasarsa da Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka a matsayin sarki Musulmi na farko. Har yanzu fadar Sarkin Katsina sunanta Gidan Korau, kuma takobin nan Gajere, wanda labarin baka ya ce da shi Korau ya kashe Sanau ya karɓi mulki, yana cikin kayan sarautar masarautar.

Wajen shekarar 1493 shahararren malamin nan na Arewacin Afirka, Muhammad al-Maghili, ya ziyarci Kano da Katsina. A wannan zamanin ne kuma Imam Suyuɗi na Masar ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan yankin, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim.

Masu tarihi da dama na sanya ginin masallacin Gobarau a cikin wannan lokaci. Hasumiyar da ta rage daga masallacin tsawonta ya kai kimanin mita 15, kuma da ƙasa da azara aka gina ta.

Akwai labarin da Katsinawa ke bayarwa cewa malamai sun yi saɓani kan alƙibla yayin ginin, har wani waliyyi mai suna Jodoma ya nuna gabas da sandarsa, jama'a suka hango Ka'aba. Labari ne na baka, amma yana nuna matsayin da wurin ke da shi a zukatan mutanen gari.

Gobarau ta ci gaba da zama masallacin Juma'a da wurin karatu har zuwa farkon ƙarni na 19, lokacin da aka gina wani masallacin bayan jihadi. An yi wa hasumiyar babban gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

Garin malamai da fatake

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce ke kan gaba a ƙasar Hausa wajen ciniki da ilmi. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus a nan suke sauke kaya.

A nan ne aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Har gobe ana ziyartar kaburburansu, kuma unguwannin Marina da Masanawa na nan a cikin gari.

Wani malamin, Muhammad al-Katsinawi, ya yi fice a ilmin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, ya koyar a Masar, ya kuma rasu a birnin Alƙahira a 1741, a gidan mahaifin fitaccen marubucin tarihin nan al-Jabarti.

Al'amura sun sauya bayan da dakarun jihadi ƙarƙashin Ummarun Dallaje suka ci birnin a 1807. Sarakunan Haɓe sun yi arewa suka kafa Maraɗi, kuma yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin ɓangarorin biyu sun sa fatake da dama komawa Kano.

Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, wato fiye da kilomita 20. Ya ce birni mai wannan faɗi zai iya ɗaukar mutum dubu 100 a lokacin da yake tashe, amma waɗanda ya tarar ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba.

Duk da haka ya yaba da Hausar Katsinawa da kuma ladabinsu.

Turawan Ingila sun shigo birnin a 1903 ba tare da an yi yaƙi ba. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa Ahmadu Bello da marubuci Abubakar Imam. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa shi ne gidan adana kayan tarihi na Katsina a yau.

Abin da Baku ya yi

Azerbaijan ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 10, akasarinsu Musulmi, wadda ke tsakanin Rasha da Iran. Ta samu 'yancin kanta a 1991 bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, kuma kamar Nijeriya, tattalin arzikinta ya dogara ne kan man fetur da iskar gas.

Tsohon garin Baku, wanda mutanen ƙasar ke kira Icherisheher, ma'ana cikin gari, yana da ganuwar da aka gina a ƙarni na 12. A cikinsa akwai Hasumiyar Budurwa mai tsawon kusan mita 29, da fadar sarakunan Shirwan ta ƙarni na 15, wadda kusan sa'ar Gobarau ce.

A shekara ta 2000 hukumar UNESCO mai kula da ilmi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A watan Nuwambar wannan shekarar girgizar ƙasa ta lalata gine-gine da dama a birnin.

Shekaru uku bayan haka, a 2003, hukumar ta mayar da shi cikin jerin wuraren da ke fuskantar haɗari. Ban da girgizar ƙasar, an yi kuka da rashin kulawa da kuma sababbin gine-ginen da masu kuɗi ke cusawa a tsakiyar tsofaffin unguwanni.

Gwamnatin ƙasar ta kafa hukuma ta musamman mai kula da tsohon garin kaɗai, aka tsara dokokin gini, aka shata iyakar da ba a taɓawa, aka kuma shiga gyare-gyare. A 2009 UNESCO ta cire Baku daga jerin masu haɗari.

Ƙasar ba ta tsaya kan gine-gine ba. Ta yi rajistar zane-zanen kan duwatsu na Gobustan a 2007, da salon kiɗa da waƙarta na gargajiya da ake kira mugam, da saƙar dardumarta a 2010, sannan tsohon garin Sheki da fadarsa a 2019. Tseren motoci na Formula 1 da ake yi a Baku tun 2016 ma ta gefen ganuwar yake wucewa.

Sai dai ba a rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi hukumomin Baku da tashin mutane daga gidajensu da ƙarfi domin ƙawata birnin, musamman gabanin gasar waƙa ta Turai ta 2012. An kuma zargi ƙasar da rusa tsohuwar maƙabartar Armeniyawa a Julfa, zargin da gwamnatin ta musanta.

Dutse da ƙasa

Akwai babban bambanci guda tsakanin biranen biyu. Da dutse aka gina Baku, ita kuwa Katsina da ƙasa.

Ginin dutse zai iya jure shekaru masu yawa ba tare da an waiwaye shi ba. Ginin tubali kuwa, idan damina biyu ko uku suka wuce ba a yi masa yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai shiga ya ci gindinsa.

A da, gyaran ganuwa aikin gayya ne. Sarki ne ke raba shi ga hakimai da masu unguwanni, magina su jagoranta, jama'a su kwaɓa ƙasa, domin ganuwar ita ce tsaron kowa. Da aka daina yaƙi, sai wannan dalili ya kau, aikin ma ya tsaya.

Daga nan sai aka shiga ɗibar ƙasarta ana gini, ana kuma yanka filaye a kanta. Lamarin ya ƙaru bayan da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, jama'a suka yawaita, fili ya yi tsada.

Sunayen ƙofofin dai suna nan: Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka. Amma a wurare da yawa ƙofa ce tsaye da siminti, babu bango a damanta ko hagunta.

Wata matsalar ita ce ƙarancin magina. Matasan da ke koyon gini a yau bulo da siminti suke koya, domin a nan kasuwa take. Waɗanda suka san yadda ake haɗa makuba ko jera azara a ɗaure daurin guga suna ta raguwa.

Shafa siminti a kan ginin ƙasa kuwa ba magani ba ne, domin yana tsare danshi a ciki, bango ya riƙa rubewa ba a gani ba.

A nan misalan da suka fi kusa da Katsina suna maƙwabta ne. A garin Jenne na ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari kan fito su yaɓe babban masallacinsu, har abin ya zama biki. Tsohon garin Agadas a Nijar, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Nijeriya kuwa wurare biyu ta fara samu a jerin: Sukur a jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Ganuwar Kano tana jerin masu jiran gado tun 2007.

Yawon buɗe ido

Abin da ya fi jan baƙi zuwa Katsina shi ne hawan Sallah, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakansu da 'yan lifida da masu algaita da tambari, a yi jafi a filin Kangiwa da ke gaban fada. Ga kuma wasan polo, wanda ya kafu tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo.

A Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, abin da ke nuna cewa irin wannan gado yana da daraja a idon duniya.

Mai ziyara zai iya haɗa Gobarau da gidan tarihi da Durɓi ta Kusheyi da rijiyar Kusugu ta Daura a cikin kwana biyu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura da Katsina aka tsara zai bi.

Babban cikas shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin kudanci da yammacin jihar, musamman sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, sun ɓata sunan jihar a wajen baƙi, har da waɗanda birnin kawai za su ziyarta.

Haƙƙin kula da wuraren tarihi a Nijeriya yana wuyan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Amma filaye a hannun gwamnatin jiha suke, masarauta kuma ita jama'a ke saurare. Ganuwar da ke tsakanin hukumomi uku kan zama kamar akuyar gayya, kowa na jiran wani ya ba ta ruwa.

Darasin Baku a nan shi ne, gyara bai kankama ba sai da aka ɗora alhakin tsohon garin kan hukuma guda, aka ba ta doka da kuɗi.

Katsina ba ta da kuɗin da Baku ke da shi, kuma ba shi take buƙata ba. Auna abin da ya rage na ganuwar, hana yin gini a kansa, horar da matasan magina, da ware ranar yaɓe kowace shekara kafin saukar damina, ayyuka ne da ba su fi ƙarfin jiha da masarauta ba.

Hausawa dai na cewa da rashin tayi akan bar arha. Kowace damina da ta wuce, ruwa na tafiya da wani ɓangare na ganuwar, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa.