Kyautar Ɗinkin Hannu A Lokacin Sallah Ba Abin Gori Ba Ce

Kowace shekara, da zarar watan azumi ya raba tsakiya, ko kuwa an ga jinjirin watan Zulhajji, sai wata magana ta fara yawo a zauruka da tsakar gidaje, wadda na gaji da jinta har na ga ya wajaba in ɗauki alƙalami in yi mata raddi, wato wai duk wanda ya ɗinka wani abu da hannunsa ya bayar a matsayin goron Sallah, to ko dai talauci ne ya yi masa katutu, ko kuwa rowa ce ta hana shi taka ƙafa zuwa kanti. Saboda tsoron wannan gori, sai ka tarar da mace tana da keke a ɗaki, ga allura ga zare, ga ƙyallaye maƙare a ƙarƙashin gado, amma ta aika a ciwo mata bashi a sayo tarkacen da ba za su ga Sallar baɗi ba, don kawai a ga ledar kanti a hannun ɗan aike.

Abin da nake nufi a nan ƙananan abubuwa ne waɗanda ba su bukatar gwanintar tela, kamar rigar matashi, da jakar Alƙur'ani, da hankici, da majanyi, da hular jariri, da 'yar jakar da yara ke zuba kuɗin yawon Sallah a ciki. Riga da wando kuwa a bar wa masu sana'ar.

To, bari mu auna wannan magana da ma'aunin addini tukuna, tun da yake masu yin gorin ba su fi kowa nisa da masallaci ba. Ya inganta a cikin littattafan Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mata Musulmi da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta ko da ƙofaton akuya ne, kuma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa shi da kansa yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi kuwa an san ta da aikin hannu, tana jima tana ɗinki tana sadaka da abin da ta samu, har sauran matan Annabi suka shaida cewa ta fi su yawan kyauta. Idan fiyayyen halitta bai ji ƙyamar riƙe allura ba, kuma matarsa ta sami ɗaukaka da abin da yatsunta suka aikata, ina wanda ya isa ya kira wannan aiki ƙasƙanci? Abin da Alƙur'ani ya zarga a fili shi ne almubazzaranci, har Suratul Isra'i ta haɗa masu yin sa 'yan'uwantaka da shaiɗanu, alhali cin bashi don a burge mutane ya haɗa israfi da riya a tukunya ɗaya.

Sa'an nan mu koma ga tarihinmu, domin wanda bai san asalinsa ba shi ne ke jin kunyar kayan gidansu. A shekarar 1851, lokacin da Bature Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ɗinka a garin da ƙauyukansa, waɗanda fatake ke kai su arewa har Tarabulus, yamma kuma har Tambutu. Duk wannan arziki da ya cika Kasuwar Kurmi daga mazari da masaƙa da karofi da allura ya fito, ba a san keke ba a lokacin, balle masaƙar inji, wadda ba ta buɗe a Kaduna ba sai a 1957. Har gobe kuma karofin Ƙofar Mata yana nan ana rini a cikinsa.

Kai, ba ma sai mun yi nisa ba. Ranar hawan Sallah, dubi babbar rigar da hakimi ya sa, mai aska takwas ko aska biyu irin ta mutanen Zariya, wadda maɗinki ya shafe watanni yana sunkuye a kanta, ka tambayi kuɗinta ka gwada da na wadda aka yi wa aikin keke. Je ka wajen masu hula ka taya kube ko zanna bukar ta hannu, ka ji yadda mai ita zai ce maka albarka, alhali ta inji tana gefe ana neman kai da ita. Yaya za a yi ɗinkin hannu ya zama alfahari a kan sarakuna da attajirai, sa'an nan ya koma abin gori idan ƙanwa ta yi wa yayarta rigar matashi? Wannan rashin adalci ne a hukunci, kuma girman kai ne da aka lulluɓe da sunan wayewa.

Masu cewa rowa ce kuwa, ina so su yi lissafi da kyau. Wanda ya shiga kanti ya sayi abu ya ba ka, kuɗi ya kashe, kuma mun gode masa. Amma wadda ta zauna bayan sallar asham, ga gajiyar azumi ga hidimar yara, ta auna ta yanka ta ɗinka, tana tuna launin da kake so da girman matashin da kake kwana a kai, ta ba ka wani yanki na lokacinta wanda ba ya dawowa har abada. Marowaci ba ya yin haka. Gaskiya ne arahar kayan waje da gwanjo, da mutuwar masaƙu, da lalacinmu, duk sun taimaka wajen mutuwar allura a gidaje, amma gorin nan shi ne ya fi su ɓarna.

Yanzu ga shawara ga mai niyya. Farkon abu shi ne lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya: mai son yin kyautar Ƙaramar Sallah ya fara tun cikin Sha'aban, mai nufin Babbar Sallah ya fara a Zulƙida, don kada ɗinki ya cinye masa lokaci irin daren goman ƙarshe na azumi da ya kamata a raya da ibada. Maƙwabtanmu Kirista ma da ke shirin Kirsimeti haka ya kamata su fara tun Nuwamba.

Na biyu, yadi. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma da wuya a ɗinka shi bai bar saura ba, saboda haka duk wanda ya kai ɗinki ya ce wa tela ya haɗo masa da ƙyallensa, haƙƙinsa ne. Wanda ba shi da ko ɗaya ya sayi yadi guda na auduga, ya guji mai santsi da leshi, domin suna zamewa a hannun ɗan koyo. Kafin almakashi ya taɓa yadi a wanke shi, a shanya, a goge, saboda auduga takan tsuke a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba, in aka haɗa ta da farin yadi sai ta ɓata shi.

Na uku, a fara da mai sauƙi. Hankici shi ne karatun farko: a yanka ƙyalle mai kusurwa huɗu daidai, kamar inci 12 kowane gefe, a kalmashe bakin sau biyu siriri, a danne da dutsen guga, sa'an nan a bi da allura. Mai ɗan hannu sai ya zana harafin farko na sunan wanda za a ba da alli a kusurwa, ya bi shi da zare mai launi. Daga nan sai jakar yara: a ninka ƙyalle biyu, fuskar mai kyau tana ciki, a ɗinke gefe da gefe, a kalmashe bakin sama da faɗin yatsa biyu yadda zariya za ta wuce, a juya, a zura zariyar da fil. Da wannan fasali ɗaya ake yin jakar carbi da ta waya, illa dai girma ya bambanta.

Rigar matashi kuwa a auna matashin da kansa, a ƙara inci 2 a tsawo da faɗi saboda abin da ɗinki zai ci, in kuma ƙyallaye ƙanana ne a harhaɗa su tukuna, mai duhu kusa da mai haske. Jakar Alƙur'ani tana son ninki biyu don ta yi ƙarfi, da marfi da maɓalli, amma ina gargaɗi da babbar murya kada a ɗinka aya ko sunan Allah a jikin abin da za a wanke ko a ajiye a ƙasa. Kayan jarirai, wato hula da majanyi, a yi su da auduga mai laushi, a maimaita ɗinkin majanyi sau biyu tun da rai zai ɗauka, kuma kada a sa duwatsu ko ƙananan maɓallai da yaro zai iya cirewa ya haɗiye.

Na ƙarshe shi ne tsafta da ladabi. Zare kada ya wuce kamu ɗaya a allura, don dogo yakan harɗe. A ƙulle ƙarshen kowane ɗinki, a yanke zarurrukan da ke reto, a yi guga, a ninke da kyau, domin kyautar da aka yi da ganganci ita ce ke ba masu gori abin faɗa. A kuma zaunar da yara, maza da mata, su riƙe allura su ɗinka wa kakanninsu, ko ɗinkin ya karkace ba kome.

Ku kuma masu karɓa, ku tuna yaba kyauta tukwici ne, ku yi godiya, ku yi amfani da abin a gaban mai shi, ku kame bakinku daga gori. Ina roƙon iyaye mata da malaman Islamiyya su mayar da allura da zare hannun 'ya'yanmu tun kafin Sallah mai zuwa. Allah Ya sa mu dace, Ya maimaita mana.