Kafin Ka Ɗora Motarka A Tirela Zuwa Gombe

Daga wakilinmu na Arewa, Gombe

Ran wata Talata da hantsi ina tsaye a bakin hanyar Bauchi, wajejen Tumfure, sai ga wata tirela ta tsaya da ƙananan motoci biyu a bayanta. Ta bayan ta zame ta kai wa ta gaba karo, fitilunta sun farfashe, bambar baya kuwa ta ɓalle tana reto a jikin igiya. Mai motar wani magidanci ne da ya daɗe yana sana'a a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ya riga kayansa isowa, har ya zo da ƙannensa tarya. Bai ce wa kowa uffan ba, sai zagaya motar yake yi yana salati. Da na leƙa, ashe da igiyar roba irin ta shanya aka ɗaure ta, an zarga a jikin bamba gaba da baya, shi ke nan.

To, 'yan'uwa mazauna Kudu, wannan magana taku ce. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya sayi mota a Apapa ko Kwatano, ya ƙi bai wa direba ya koro ta don gudun wahalar hanya, sa'an nan ya miƙa wa ɗan kamasho kuɗin dako ya juya baya, bai ga yadda aka ɗaure ta ba.

Tafiyar kuwa ba ƙarama ba ce. Daga Ikko zuwa Gombe ya haura kilomita 1,000, ko an bi ta Ilori da Jebba, ko ta Okene da Lakwaja. Wanda ya bi ta Akwanga sai ya hau Hawan Kibo kafin ya ga Jos, daga nan Bauchi, Alkaleri, sa'an nan gangaren shigowa Gombe, domin garin a cikin kwari yake. Layin dogo ya iso nan tun 1963, amma yau kayan garin ta titi suke zuwa.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙaramar mota takan kai nauyin kilo 1,500, watau buhun siminti 30. In direba ya taka burki da ƙarfi, abin da zai ingiza ta gaba yakan kusa kashi 80 cikin 100 na nauyinta, kamar buhu 24 ke nan a lokaci guda. Burkin hannu kuwa a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, ga daɓen tirela ƙarfe ne mai santsi, balle in ya sha ruwan sama ko baƙin mai. Wace igiyar shanya ce za ta tare wannan?

Saboda haka a ɗaure mota wuri huɗu, kuma tayoyin za a ɗaure. Dalili shi ne jikin mota a kan sifirin yake zaune. In aka ɗaure jikin, duk ramin da tirela ta faɗa sai motar ta dunƙusa ta ɗago, ɗaurin ya saki ya fizge, ya saki ya fizge, har ƙugiya ta fita ko bel ya tsinke. Taya kuwa ba ta rabuwa da daɓe. A sami bel mai faɗi irin mai ƙugiya da maɗaurin ƙarfe, a zarga shi bisa kowace taya, a ja na gaba su yi gaba, na baya su yi baya, yadda motar ba ta da wurin motsi. In sarƙa ce kaɗai a hannu, to a nemi shasi ko inda masu ƙera motar suka tanada. Kada a kuskura a rataya ta a bamba, ko sandar sitiyari, ko kusa da bututun man burki. Na ga motar da ta iso ba ko ƙwarzane, amma da aka sauke ta sitiyari ya karkace.

Bayan wannan sai waigi na katako gaba da bayan taya, a ja burkin hannu, a sa giya. Dutse ba waigi ba ne, girgiza kan ture shi tun kafin a kai Badun. A rufe gilasai, a naɗe madubai, a bar mai kaɗan a tanki. Kuma don Allah a daina cika motar da buhunan gari da galan-galan na manja don a ci banzar dako. Yaron mota ma kada ya mai da ita ɗakin kwana.

Wani tsohon direba da ke dakon hatsi daga nan zuwa Kudu ya shaida mini cewa shi bai yarda da ɗaurin tasha ba. In ya yi tafiyar kamar awa guda sai ya tsaya ya sake jan kowane bel, domin sabon ɗauri yakan saki da zarar kaya sun zauna. Haka yake yi duk inda ya tsaya salla ko cin abinci, da kuma kafin hawa ko gangare mai tsawo. Irin wannan direban ya kamata ka nema, ko da kuɗinsa ya ɗara na wani.

Sauran magana ta takarda ce. Ka tsaya da kanka a ɗora motar, ko ka wakilta wanda ka amince da shi. Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe a gaban direba, ka rubuta lambar tirelar, a yi takardar kaya a ofishin ƙungiyar direbobi da ke tashar, a faɗi wanda zai biya in an yi ɓarna. Ka ba direba kwafin takardun kwastan, na ainihi su zauna a hannunka. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da motar da kayanta ba su ɗauru ba.

Shi dai mutumin namu na Mil 12 ba shi da hoto, ba shi da takarda. Har na bar wurin ana ta ja-in-ja, direba na rantsuwa cewa da ma haka fitilun suke tun daga Ikko.