Manhajojin da ke tambayar tsofaffi ko sun ci abinci

A ƙarshen shekarar 2021, hukumomin yankin Haeundae da ke birnin Busan a Koriya ta Kudu suka fara gwada wata manhaja mai suna CLOVA CareCall, wadda kamfanin Naver ya ƙera. Aikinta shi ne ta kira tsofaffin da ke zaune su kaɗai sau ɗaya ko biyu a mako, ta tambaye su ko sun ci abinci, ko sun yi barci, ko sun ɗan fita tattaki. Daga baya aka ƙara mata basirar tuna hirar baya, har takan tambayi tsoho yaya gwiwar da ya yi ƙorafi a kai makon jiya. Idan aka kira ba a ɗaga ba, ko amsar ta nuna akwai matsala, sai labari ya isa ga jami'an jin daɗin jama'a.

Dabarar da ke ciki ita ce tsohon bai sauke komai a wayarsa ba, bai kuma rubuta ko harafi ɗaya ba. Waya ta yi ƙara, ya ɗaga, aka yi hira. Haka abin yake a jihar New York ta Amurka, inda ofishin kula da tsofaffi ya fara raba na'urar ElliQ fiye da 800 a 2022. Na'urar tana zama a kan tebur, kuma ita ke fara magana: ta tuna wa mutum shan ruwa da magani, ta gayyace shi motsa jiki.

Saƙon da waɗannan manhajoji ke isarwa sananne ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce wanda ya kai shekara 65 yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, da atisayen da ke rage haɗarin faɗuwa aƙalla kwana 3. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Sanin wannan ba shi da wuya. Wahalar tana wajen naci, kuma a nan manhaja ta fi ɗan'adam, domin ba ta gajiya da maimaita magana, ba ta kuma yin fushi.

A Kano ko Zinder babu hukumar da ke kiran tsofaffi ta wannan hanya, yawancinsu ma ba su kaɗai suke zaune ba. Abin da ake da shi shi ne ɗa ko jika mai babbar waya, da ChatGPT ko Gemini, ko Meta AI da ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024. Matashi zai iya lissafa wa manhajar abin da ake dafawa a gida, tuwo da miyar kuka, wake, zogale, kifi, ya nemi ta tsara abincin mako mai ƙarancin gishiri. Zai iya neman atisaye masu sauƙi, kamar tashi daga kujera da komawa sau goma, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango. Sai dai dole ya ambaci dunƙulen magi da kanwa da bakinsa. Dukansu suna ɗauke da sinadarin sodiyam da ke tayar da hawan jini, kuma manhajar da aka horar galibi da rubutun Turanci ba lallai ta kawo su a lissafi ba. Hausarta ma takan yi tuntuɓe, musamman a sunayen abinci.

Inda za a yi taka-tsantsan sosai shi ne lokacin da shawarar abinci ta haɗu da cuta. A watan Agustan 2025 wata mujallar likitoci a Amurka ta ba da labarin wani mutum mai shekara 60 da ya so daina cin gishiri. Bayan ya tuntuɓi ChatGPT, sai ya maye gurbinsa da wani sinadari mai suna sodiyam buromayid na tsawon wata uku. Ya ƙare a asibiti da ruɗewar tunani, ya kwashe mako uku a kwance. Kafin nan, a 2023, ƙungiyar NEDA mai taimakon masu lalurar cin abinci ta dakatar da manhajarta Tessa bayan ta riƙa ba su shawarar rage ƙiba.

Irin wannan kuskure ya fi tsanani a jikin dattijo. Ayaba da gishirin da ake sayarwa a madadin na gida suna da fotasiyam mai yawa, abin da kan cutar da mai ciwon ƙoda. Mai shan maganin ciwon suga da ya rage cin abinci kwatsam, ko ya ɗauki azumi ba tare da an gyara masa magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Tsohon da ya fara ramewa kuwa ƙarin wake da ƙwai da nono yake buƙata, ba tsarin rage ƙiba ba. Manhajar ba ta ganin katin asibitin Baba, abin da aka gaya mata kawai ta sani.

Don haka duk tsarin da ta fitar, a rubuta shi a takarda, a haɗa da sunayen magungunan da ake sha, a nuna wa likita ranar komawa asibiti kafin a canza tukunya. Sannan a bar wa waya aikin tunatarwa. Fitar da Hajiya tattakin minti 20 bayan la'asar kuwa, sai jikan ya ajiye wayar ya raka ta.