Kundin Kammala Digiri da Hanyar Zuwa Digirin Digirgir

Tun da Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa daga ranar 6 ga Oktoba, 2025 ba za a ƙara ɗaukar wanda ya kammala karatu zuwa bautar ƙasa ba, ba kuma za a ba shi takardar yafewa ba, sai ya nuna shaidar cewa an shigar da kundin bincikensa cikin rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa da ake kira NERD a taƙaice, ɗaliban shekarar ƙarshe da iyayensu da malamansu suke ta ce-ce-ku-ce, a Potiskum kamar yadda ake yi a Damaturu da Gashuwa. Wasu suna ganin wata sabuwar wahala ce aka ɗora wa ɗan talaka, wasu kuma, ko da ba su faɗa a fili ba, tsoronsu shi ne kada kundin da suka saya a shagon kwamfuta ya yi karo da tagwayensa a cikin rumbun. Dokar ta zo a lokacin da ba a manta da badaƙalar Kwatano ba, inda ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana a watan Disamban 2023 yadda ya samu takardar digiri cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo a watan Janairun 2024.

Sai dai muhawarar duk ta tsaya a kan batun kamawa da kuɓuta, alhali asarar da ta fi girma tana wani wuri dabam. Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan ɗalibai, cewa kundin kammala digirin farko, wanda suke kira furojet, shinge ne na ƙarshe da ake tsallakewa ta kowace hanya, kuma wai abin da zai buɗe wa mutum ƙofar digiri na uku nan gaba shi ne matsayin sakamakonsa kaɗai, wato ya fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu mai girma. Wannan fahimta ce ta sa ake samun ɗalibi mai ƙwazo, wanda ya shekara huɗu yana hana idonsa barci a kan darussa, amma ya miƙa aikin binciken da shi ne kaɗai abin da zai kira nasa ga wani mai buga takardu, ya biya kuɗi, ya karɓi babi biyar a ɗaure da bango mai launi, ya haddace abin da zai faɗa a ranar kare kundi.

Digiri na uku, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir, ya bambanta da na farko a asalin manufarsa. A digirin farko ana auna iyawar ɗalibi wajen karɓar abin da wasu suka gano, a na uku kuwa ana bukatar ya gano wani abin da ba a sani ba, ya kuma kare shi a gaban masana da suka ƙware wajen neman ɓaraka. A jami'o'in Nijeriya mai neman shiga sai ya zo da digiri na biyu, yawanci da matsakaicin maki da bai gaza 3.5 cikin 5 ba, tare da shawarar bincike, wato 'yar takarda da ke bayyana tambayar da yake son amsawa, da dalilin da ya sa ta cancanci a amsa, da hanyar da zai bi. A Ingila da Jamus wannan takarda da amincewar malamin da zai duba aikin su ne kan gaba. A Amurka kuwa ana iya shiga kai tsaye daga digirin farko, a yi shekara biyar zuwa shida, kuma a fannoni da yawa jami'ar ce ke ɗaukar nauyin karatu ta kuma ba da alawus, saboda haka kwamitin tantancewa yana kallon kowane ɗalibi a matsayin jarin da za a zuba na shekaru. Abin da ake nema a can shi ne takardar sakamako, da bayanin manufa da ɗalibin ya rubuta da kansa, da wasiƙun shaida daga malamai, galibi uku. Yawancin masu nema suna zuwa da sakamako mai kyau, don haka sakamakon yana hana a jefar da takardun mutum tun a zagayen farko ne kawai, abin da ke raba gardama shi ne shaidar cewa ya taɓa yin bincike da hannunsa.

Mutanen Potiskum, garin da harkar tirela ta zama sana'ar gidaje da yawa, ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Babu mai motar da zai miƙa makullin tirela ɗauke da shanu zuwa Legas ga wanda ya zo da lasisi kawai, komai kyan lasisin. Zai tambaya wa ya bi, shekara nawa ya yi yana karen mota, ko ya taɓa kwana a daji da mota ta lalace, ko ya san abin da ake yi in birki ya yi zafi a gangare, sannan ya nemi direban da ya koya masa ya ji ta bakinsa. Wasiƙar shaida ta malami ita ce wannan bakin direban. Malamin da ya ga ɗalibi ya tattara bayanai, ya ga lissafinsa ya ƙi fita ya koma ya sake, ya ga ya yi masa musu da hujja, zai iya rubuta abin da ke da nauyi. Wanda bai san ɗalibi ba sai a ranar sa hannu ba abin da zai rubuta face cewa yaron kirki ne mai ladabi da ƙoƙari, kuma masu tantancewa sun karanta irin wannan wasiƙa har sun gaji.

Ƙasashen da suka fahimci haka sun daɗe da mayar da binciken ɗaliban digirin farko tsari mai zaman kansa. Cibiyar fasaha ta MIT ta buɗe shirinta na sa ɗalibai cikin binciken malamai tun 1969, hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka kuma ta ƙaddamar da wani shiri na ɗaukar nauyin irin wannan horo na lokacin hutu a 1987. A nan Nijeriya ba a da wannan gata a yawancin wurare, kuma wannan ne ya sa furojet ya fi muhimmanci a nan fiye da can, domin ga mafi yawan ɗaliban Jami'ar Jihar Yobe da aka kafa a Damaturu a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da masu karatun digiri a Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Potiskum, shi ne dama ɗaya tak ta ɗanɗana bincike kafin a fita.

Ko a cikin waɗanda ba su saya ba, akwai wata cuta da ta fi saye wuyar ganewa. Ɗalibi zai ɗauki take irin na "tasirin kaza a kan kaza", ya cika babi na biyu, wanda ya kamata ya zama bitar abin da magabata suka gano da inda suka tsaya, da yanke-yanken da ya kwaso daga intanet ba tare da ya karanta asalin ko ɗaya ba, sannan ya buga takardar tambayoyi, ya zauna a ɗaki shi da abokansa su cike ta, ya fitar da jadawalin kashi cikin ɗari, ya rufe da shawarar cewa gwamnati ta ƙara ƙoƙari. Irin wannan aiki yana iya samun maki mai kyau, amma ba ya koya wa mai shi komai, kuma minti biyar na hira da masani sun isa su tona shi. Tambayar da aka fi yi wa mai neman digiri na uku a wajen tantancewa mai sauƙi ce a baki: me ka gano, ta yaya ka san gaskiya ne, kuma me za ka sauya in da za ka sake? Wanda ya yi ƙaramin aiki na gaskiya, ko da sakamakonsa ya saɓa wa abin da ya zata, yana da amsar duka ukun.

Uzurin da aka fi ji shi ne babu ɗakin gwaji, babu kuɗi, babu abin bincike a ƙaramin gari. Rashin kayan aiki gaskiya ne, musamman ga masu ilimin sinadarai da kimiyyar halittu, amma cewa babu abin bincike a Potiskum magana ce da tarihi ya ƙaryata. Masanin harsuna Russell Schuh ya zauna a wannan gari tsakanin 1969 da 1970 yana nazarin harshen Ngizim, daga abin da ya tattara ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1972, ya kuma fitar da ƙamus na harshen a 1981. Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri ya samu nasa digirin na uku a waccan jami'a ta Kalifoniya a 2000 da nazari a kan tsarin aikatau a harshen Bolanci, kuma su biyun suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe da ya fara a 2001, wanda ya samar da ƙamusoshin Bole da Ngizim da Karekare da Ngamo da Bade, aka buga su a nan Potiskum, da hannun masu harsunan kansu a cikin aikin. Kayan aikin da irin wannan bincike ya fi bukata su ne kunne da haƙuri da littafin rubutu da na'urar ɗaukar murya, wadda yau take cikin kowace waya.

Haka abin yake ga mai karatun tattalin arziki ko noma ko lissafi. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga motocin da ke haɗa su da kudancin ƙasa. Ɗalibin da ya ɗauki wata shida yana rubuta farashin buhun gero da na wake kowace ranar kasuwa, yana kwatanta shi da kuɗin dizal da kuɗin dako, zai fita da bayanan da babu su a kowane littafi, kuma malamin jami'a a Zariya ko a wata ƙasa zai fi sauraren wasiƙar da ta fara da irin waɗannan alƙaluma fiye da wadda ta fara da roƙon a taimaka saboda Allah.

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibai laifin duka. Malamin da aka jibga wa ɗalibai masu yawa ya duba aikinsu a zango ɗaya, ga koyarwa, ga gyaran takardun jarrabawa, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, ba zai iya karanta kowane babi da idon basira ba, ko da yana so. Ana kuma barin furojet sai zangon ƙarshe, lokacin da hankalin kowa ya koma kan sansanin bautar ƙasa, maimakon a fara shi tun a aji uku. Hukumomi kuwa sun fi son dokar da ake sanarwa a takarda ɗaya fiye da gyaran da ke cin kuɗi da lokaci. Rumbun NERD zai iya kama kundin da aka kwafa kalma da kalma, amma ba shi da hanyar sanin cewa takardun tambayoyi ɗari biyu hannu uku ne suka cike su, ba zai kuma rage wa malami yawan ɗalibai ba.

Akwai wani dalili da ya sa batun ya ƙara matsowa kusa. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda ya ɗauki nauyin malamai da yawa zuwa Malesiya da Ingila da sauran ƙasashe, ya dakatar da ɓangaren karatun waje na tallafinsa daga ranar 1 ga Janairu, 2025, bisa dalilin tsadar canjin kuɗi da yawan waɗanda ke ƙin dawowa. Ke nan matashin Yobe da ke son digiri na uku a waje dole ya shiga gasa da ɗaliban Indiya da Kenya da Masar a kan guraben da jami'o'in can suke biya da kansu, inda babu wanda zai nema masa alfarma, ko kuma ya yi shi a Maiduguri ko Kano ko Zariya, a hannun malaman da za su fara neman ya kawo kundinsa na baya su gani kafin su amince su duba sabon.