Raddi ga Masu Cewa a Raba Kyanwoyin da Suka Shaƙu, a Guji Masu Lalura

A gidajen ceton dabbobi na Ingila, irin su Battersea da ke Landan, wanda aka kafa a 1860 ya kuma fara karɓar kyanwoyi a 1883, ko rassan ƙungiyar Cats Protection da ta soma aiki a 1927, akwai wata ƙa'ida da kan ba baƙo mamaki. Sai ka tarar da kyanwoyi biyu a ɗaki guda, an rubuta a ƙofa cewa ba za a ba da ɗaya ba sai tare da 'yar'uwarta. Sau da yawa kuma ɗayarsu tana da lalura: ciwon suga, ciwon ƙoda, makanta, ko wata cuta da ke raunana garkuwar jiki. Irin waɗannan su ne kan daɗe a wurin ba wanda ya taya.

Mutanenmu da ke zaune a can, da ma na gida da ke jin labarin, da yawansu na ganin wannan ƙa'ida wauta ce. Ga hujjarsu, kuma zan faɗe ta yadda su da kansu ke faɗarta. Suna cewa kyanwa dabba ce mai zaman kanta, ba ta san aboki ba, gida da abinci kawai ta sani, don haka raba biyu ba zai cutar da kowacce ba. Suna cewa kyanwa mai ciwo haɗari ce ga iyali, musamman yara da mata masu juna biyu. Suna cewa rayuwarta wahala ce tsantsa, tausayin gaske shi ne a hutar da ita. A ƙarshe suna cewa ɗawainiyar ta yi yawa, mai hankali ya zaɓi guda ɗaya lafiyayya ya tafi abinsa. Masu wannan ra'ayi ba marasa tausayi ba ne. Yawancinsu iyalinsu da aljihunsu suke karewa, kuma wannan ba abin zargi ba ne. Sai dai uku daga cikin hujjojin nan an gina su kan bayanin da ba daidai ba, ta huɗun kuwa gaskiya ce da aka ɗora wa hukuncin da ba nata ba.

Maganar cewa kyanwa ba ta shaƙuwa tana da tushe. Kakar kyanwar gida, wato kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsare yankinta. Har yau kyanwar gida ba ta farauta a ƙungiya yadda karnuka ke yi. Amma farauta daban, zama daban. Binciken da David Macdonald na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka yi kan kyanwoyin gonaki a Ingila ya nuna cewa inda abinci ya wadata, matan da suke dangin juna kan zauna wuri ɗaya, su haihu a sheƙa ɗaya, har wata ta shayar da 'ya'yan wata. Dabbar da ba ta san kowa ba ba za ta miƙa nononta ga ɗan wata ba.

Ba kuma kowace biyu da suka fito daga gida ɗaya ake kira waɗanda suka shaƙu ba. Akwai kyanwoyin da suka shekara goma ƙarƙashin rufi ɗaya suna haƙuri da juna kawai, kowacce da kusurwarta. Irin waɗannan raba su ma hutu ne gare su. Ma'aikatan gidan ceto alamu suke dubawa: su kwanta jiki na taɓa jiki, su riƙa lasar kai da wuyan juna, su goga kumatu, ɗaya ta tunkari ɗaya da wutsiya a miƙe sama, idan an fitar da ɗaya wadda aka bari ta kama kuka da nema. Sai an ga haka ake rubuta cewa kada a raba su. Ƙa'idar ta fito ne daga lura da dabbobin kansu, ɗaya bayan ɗaya.

To me ke faruwa idan an raba? Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma a nan maganar ba ta tsaya kan ɗan Adam ba. A 1996 ƙungiyar ASPCA ta Amurka ta tambayi masu dabbobi halin da dabbobinsu suka shiga bayan rasa abokin zama, kusan rabin masu kyanwoyi suka ce tasu ta rage cin abinci. Wani zai ce ai kwana biyu za ta ware. Wata ta ware ɗin. Amma jikin kyanwa ba ya jure azumi yadda na kare ke jurewa. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse kan taru a hantarta har hantar ta kasa aiki, cuta ce da likitocin dabbobi suka sani sarai kuma tana kisa. Damuwa kan tayar da ƙwayar murar kyanwa da ke kwance a jikin da yawansu, tana kuma da hannu a wani kumburin mafitsara da kan sa fitsari ya yi wuya, wanda ga muzuru yakan kai ga toshewa gaba ɗaya. Yanzu a ɗora wannan kan wadda dama tana da ciwon suga, wadda allurarta ta dogara da ta ci abinci a kan lokaci, ko wadda garkuwar jikinta ta raunana. Komawa sabon gida kaɗai ya isa ya rikita kyanwa. Abu ɗaya da za ta iya tafiya da shi daga tsohuwar rayuwarta shi ne ƙamshin 'yar'uwarta da ɗumin jikinta. A ganina, ga mai lalura, barin ta da abokiyar zamanta wani ɓangare ne na jinyar.

Hujja ta biyu ita ta fi tsorata mutane, don haka zan daɗe a kanta. Cutar da ake yawan gani a takardun gidajen ceto ita ce FIV, wadda wasu ke kira ƙanjamaun kyanwa, daga nan kuwa sai a watse. Niels Pedersen da Janet Yamamoto na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis su ne suka gano ƙwayar a 1986, daga wasu kyanwoyi marasa lafiya a garin Petaluma. Gaskiya ne dangi ɗaya suke da ƙwayar HIV, kuma ita ma garkuwar jiki take taɓawa a hankali. Amma dangin kyanwa kaɗai take kamawa. Ba ta kama mutum, ba ta kama kare, ba ta kama akuya. Yaro ya rungumi kyanwa mai ita, ta lashe masa hannu, ko ma ta yaƙushe shi, wannan cutar ba ta shiga jikinsa.

Ko tsakanin kyanwoyin kansu ba ta yaɗuwa da sauƙi. Babbar hanyarta cizo ne mai zurfi, irin na muzurai masu yawo da ke faɗa kan mace ko kan yanki, shi ya sa ta fi yawa a cikinsu, shi ya sa kuma dandaƙa ke rage ta. A 2014 Annette Litster ta Jami'ar Purdue ta wallafa bincike kan wani gidan ceto inda kyanwoyi 8 masu ƙwayar suka zauna tare da 130 marasa ita, suna ci a kwano ɗaya suna lasar juna. Waɗanda aka sake gwadawa daga baya ba a sami ko ɗaya da ta kamu ba. Biyun da suka shaƙu kuwa ai su ne mafi nisa daga irin wannan faɗa.

Kada a ce na share komai. Akwai wata cutar, FeLV, wadda William Jarrett ya gano a Glasgow a 1964, kuma hukuncinta daban ne. Ita ta yawu take bi, ta lasar juna da haɗa kwano, kuma idan ta zauna a jiki takan gajarta rayuwa ƙwarai. Ita ma ba ta kama mutum, amma mai wasu kyanwoyin a gida bai kamata ya haɗa su da mai ita ba, sai da shawarar likita da allurar rigakafi. Akwai kuma abubuwan da kyanwa kan iya shafa wa mutum da gaske, kamar makero, da wata ƙwayar da ke fita a kashinta wadda ke da haɗari ga ɗan tayi. Sai dai waɗannan ba su keɓanta ga mai lalura ba. Kyakkyawar lafiyayyar da aka zaɓa ma tana iya ɗauke da su. Maganinsu tsafta ce: a kwashe kashin kullum, domin ƙwayar sai ta kwana aƙalla ɗaya a waje kafin ta iya kama mutum, mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, a wanke hannu. Wanda ya guje wa mai ciwon suga ko makauniya don tsoron kamuwa, ya guje wa abin da ba ya yaɗuwa ne.

Batun cewa rayuwarsu wahala ce kuwa, yawanci idonmu ne ke ruɗinmu. Akwai kyanwoyin da ake haifa suna tangaɗi, kai na rawa, saboda wata ƙwayar cuta ta kama uwar tana da ciki ta hana wani sashen ƙwaƙwalwarsu girma. Mai kallo sai tausayi ya kama shi. Amma lalurar ba ta da zafi, ba ta ƙaruwa, ba ta yaɗuwa, kuma sukan yi tsawon rai kamar kowace. Makauniya takan haddace gida da gashin bakinta da kunne da hanci, muddin ba a yawan jujjuya kayan ɗaki ba. Mai ƙafa uku takan hau kujera. Mai FIV da ake tsarewa a cikin gida, ana kula da haƙoranta ana kai ta asibiti da zarar an ga sauyi, takan yi shekaru da yawa ba alamar ciwo. Wasu masu ciwon suga ma, idan an dace da abinci da allura da wuri, sukan kai ga daina buƙatar allurar. Akwai lokacin da hutar da dabba shi ne daidai, idan zafi ya yi yawa magani ya gaza, kuma likita ne ke auna wannan. Sunan cuta a takarda bai isa ya zama hukuncin kisa ba.

Saura hujjar ɗawainiya, kuma a nan ina tare da masu ita har zuwa wani wuri. Biyu sun fi ɗaya ci. Likitan dabbobi a Ingila tsada gare shi, kamfanonin inshora kuma galibi ba sa biyan ciwon da dabba ta zo da shi. Mai ciwon suga yawanci allurar insulin take buƙata sau biyu a yini, safe da dare, kuma maganin sai a firji. Mai shirin tafiya gida hutun Sallah sai ya tanadi wanda zai tsaya masa. Mai ciwon ƙoda abincinta daban ne, dole a raba musu kwano a kuma sa ido kada su yi musanya. Ana so kowacce ta sami tiren yashinta na bayan gida, a ƙara ɗaya a kai. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya san ba zai iya ba ya yi daidai da ya haƙura. Amma a duba abin da hujjar ta tabbatar: ta tabbatar cewa wane bai dace ya ɗauki waɗannan biyun ba. Ba ta tabbatar cewa a raba su ba. Gidan ceton cike yake da kyanwoyin da suka fi son zama su kaɗai, ya zaɓi ɗaya daga ciki, ya bar biyun ga mai hali.

Wasu kan ƙara da cewa mutane na fama da yunwa, ina dalilin kashe kuɗi kan mage? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ba wanda aka ɗora wa dole ya ɗauki kyanwa. Abin da addini ya ɗora shi ne haƙƙin wadda ta shigo hannunka. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu yana cikin Bukhari da Muslim, kowane ɗalibin Islamiyya ya san shi. Ciyar da maƙwabci da kula da dabbar da ka ɗauko ba kishiyoyin juna ba ne.

A gida Najeriya ko Nijar irin waɗannan gidajen ceto ba su yawaita ba, amma lamarin na zuwa da wata fuska: mai gida ya rasu ko ya yi ƙaura, aka bar kyanwoyi biyu, dangi suka ce wane ya ɗauki lafiyayyar, a kai ɗayar bayan gari. Hukuncin ɗaya ne. In sun shaƙu, a nema musu gida guda. A kai mai ciwon wurin likitan dabbobi, ko asibitin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kuma yi wa duka biyun allurar rigakafin haukan kare. Kada a ba kyanwa maganin mutane da ka. Farasitamol musamman guba ne gare ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Mai karatu, in ka tsaya gaban irin wannan ƙofa, kada ka yanke hukunci daga abin da aka rubuta a kai. Nemi takardun asibitinsu. Tambayi sunan ciwon, da maganin da ake ba su, da abin da yake ci a wata, da ko gidan ceton na taimakawa da kuɗin jinya, domin wasu na yin hakan. Tambayi abin da ma'aikatan suka gani har suka ce kada a raba su. In lissafin ya yi maka, ɗauke su tare. In bai yi ba, bar su tare.